Me Jirgin Zai Ci? Sharhi Kan Makamashin Jiragen Ƙasa Na Kewayen Birane



Duk lokacin da wani gwamna ko minista ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce za a shimfiɗa layin dogo na cikin gari, tambayoyin da ake yi masa ba sa wuce uku: nawa ne kuɗin, wa aka ba kwangilar, yaushe za a gama. Da wuya ka ji wanda ya ɗaga hannu ya ce, ranka ya daɗe, to shi wannan jirgi me zai ci? Alhali kwangila sau ɗaya ake ba da ita, cin jirgi kuwa kullum ne, daga asuba har dare, har tsawon shekara 30 ko 40. Abin da jirgi ke ci shi ke yanke kuɗin tikiti. Shi ke yanke sawu nawa zai yi a rana. Shi ne kuma zai yanke ko bayan shekara 5 jirgin na kan hanya, ko yana ajiye a yadi ciyawa ta fito a ƙarƙashinsa. Wannan ita ce maganarmu ta yau, kuma a Legas za mu fara, don a can ne aka yi gwajin da ke gaban idonmu.

Jihar Legas na da layuka biyu da ke aiki yanzu. Na farko, wanda suke kira Blue Line, ya tashi daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumban 2023. Na biyu, Red Line, ya tashi daga Agbado ya biyo ta Agege, unguwar da 'yan uwanmu Hausawa suka daɗe da kafuwa, ya ratsa Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba ya tsaya a Oyingbo, kilomita 27, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024. Hukuma ɗaya ce ke kula da su, wato LAMATA, amma abincinsu daban. Blue Line da lantarki yake tafiya. Red Line kuwa da dizal, saboda hanyar da yake bi ta haɗin gwiwa ce da jirgin Gwamnatin Tarayya na Legas zuwa Ibadan, hanyar da ba a ja mata wayar wuta ba.

Ga wani abin da ya faru wanda ya kamata a riƙe. Ranar da aka buɗe Blue Line, ba a gama shirin wutarsa ba. Sai aka kawo kan jirgi mai dizal yana jan taragun, ana yin sawu 12 a rana. Da aka kunna wutar a tsakiyar Oktoba, sai sawun ya tashi zuwa 54. Hanyar ita ce dai, taragun su ne dai, fasinjojin su ne dai. Abin da ya canza kawai shi ne inda ƙarfin ke fitowa.

Me ya sa haka? Jirgin da ke zirga-zirga tsakanin birni da unguwannin bayan gari ba irin jirgin Abuja zuwa Kaduna ba ne, wanda idan ya tashi daga Idu zai miƙe ya yi ta gudu kilomita 186 har Rigasa, da 'yan tsaye-tsaye a hanya. Shi na kewayen birni aikinsa tashi da tsayawa. Ya ja, kafin ya gama ɗaukar wuta ya iso tasha ta gaba, ya taka birki, ya sauke, ya ɗauka, ya sake ja. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya da tirjiya sosai, saboda haka jirgin da ya riga ya miƙe ba ya cin makamashi da yawa. A wajen tashi ne ake kashe mai, a wajen birki kuma a zubar da abin da aka kashe, ya zama zafi ya bi iska. Injin lantarki na da hanzarin tashi, kuma idan aka taka birki yana iya juyewa ya koma mai samar da wuta, ya mayar da ita cikin waya, wani jirgin da ke shirin tashi a tasha ta gaba ya sha. Jirgin birnin Delhi na Indiya kan mayar da kusan kashi 30 cikin 100 na wutarsa ta wannan hanya.

Sannan, jama'a, yawancin manyan kawunan jirgi da muke kira na dizal, su ma lantarki ne ke juya ƙafafunsu. Injin dizal ɗin wuta yake samarwa, wutar ta juya ƙafafun. Wato jirgi ne da ya goyo janaretansa a baya, kamar mai shagon da ya gaji da jiran Nepa. Kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗawainiyar janareta ya san lissafin: mai kullum, bakanike kullum, hayaƙi da ƙara kyauta. A cikin ƙarfin da ke cikin litar dizal, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke isa ƙafar jirgi. Sauran zafi ne da hayaƙi.

To idan haka ne, ai magana ta ƙare, a ja waya a kunna wuta. Da ma haka ne a ƙasar da wutarta ke tsaye. Mu kuwa ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 200 muna raba megawat 4,000 zuwa 5,000 a mafi yawan ranaku. A 2024 babban layin wuta na ƙasa ya yi ta faɗuwa sau da dama. Masu sauraro a Kano da Kaduna da Katsina da Bauchi da Gombe ba sa bukatar a tuna musu Oktoban shekarar, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir da aka dogara da shi shi ma ya samu matsala, Arewa ta kwana sama da mako guda cikin duhu. Idan wuta ta ɗauke a gida, a kunna fitila a jira. Idan ta ɗauke wa jirgi mai ɗauke da mutum 800 a kan gadar da ke saman ruwa tsakanin Marina da Iganmu, da tsakar rana, ƙofofi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, wannan wata magana ce daban. Shi ya sa Legas ba ta yarda ta rataya layin a wuyan kamfanin rarraba wuta shi kaɗai ba, sai da ta tanadar masa tashar wuta ta kansa. A ganina wannan ita ce shawara mafi hankali da aka yanke a duk aikin, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta.

Abuja ta bi ɗaya hanyar. An buɗe jirginta a Yulin 2018, ya tsaya lokacin annobar korona a 2020, sai ranar 29 ga Mayun 2024 aka sake ƙaddamar da shi. Dizal yake ci. Ba na zargin waɗanda suka zaɓi haka, domin jirgin da ke tafiya da dizal ya fi jirgin lantarki da ke tsaye. Amma dizal ba shi da tallafi, farashinsa na bin dala, kuma a 'yan shekarun nan kowa ya ga yadda ya ninninka. Duk sawun da aka ƙara, an ƙara asara, sai dai a ɗora wa fasinja ko a ɗora wa baitulmali.

Nan ne mutane ke cewa, to ga rana Allah Ya ba mu, me ya hana a jera farantan sola a kan rufin taragun? Bari mu yi lissafi tare. Rufin tarago ɗaya bai wuce tsawon mita 20 da faɗin mita 3 ba, wato murabba'in mita 60. Ko an lulluɓe shi gaba ɗaya da faranti mai kyau, da tsakar rana tsaka, abin da zai bayar bai wuce kilowat 12 ba. Jirgi mai taragu huɗu ko shida kuwa, a lokacin tashi, yana jan kilowat 1,000 zuwa 2,000. Ka ga ko kusa ba a je ba. Indiya ta gwada a 2017, ta ɗora faranti a kan taragun wani jirgin kewayen Delhi, kuma abin da suke riƙewa shi ne fitilu da fankoki, jan jirgin na nan a hannun dizal. Akwai jirgi guda da ake yawan nunawa a hotuna, a garin Byron Bay na ƙasar Ostireliya, wanda tun Disambar 2017 yake tafiya da hasken rana. Gaskiya ne. Amma taragu biyu ne, hanyar kilomita 3 ce shimfiɗaɗɗiya, a hankali yake tafiya da 'yan yawon buɗe ido, kuma yawancin farantan nasa ba a kansa suke ba, a kan rufin tasha suke. Ba shi ne zai kwashe ma'aikatan Kubwa da ƙarfe bakwai na safe ba.

Rana na iya jan jirgi, amma daga ƙasa, daga fili mai faɗi. Delhi ce ta nuna yadda ake yi. A jihar Madhya Pradesh, ɗaruruwan kilomita daga Delhi, akwai gonar sola ta Rewa mai megawat 750. Tun kafin a gina ta, hukumar jirgin Delhi ta sa hannu cewa za ta riƙa sayen kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da za ta samar, har shekara 25, a farashin da aka yanke tun farko. Daga 2019 wutar ta fara isowa, tana ɗauke wa jirgin fiye da rabin bukatarsa ta rana. Ku lura da dabarar. Mai zuba jari a gonar sola tsoronsa ɗaya ne, ya samar da wuta a sha a hana shi kuɗi. Hukumar jirgi kuwa abokiyar ciniki ce da ke karɓar kuɗi a hannu kowace safiya, bukatarta sananniya ce, ba ta gudu. Da ita a cikin yarjejeniya banki ya saki jiki, kuɗin ruwa ya sauka, wutar ta yi arha. Birnin Santiyago na ƙasar Chile ya yi makamancin haka, ya ƙulla da wata gonar sola da wata gonar iska, suna ba jirginsa kusan kashi 60 cikin 100 na wutarsa.

Sai dai rana na da lokacinta, fasinja ma na da nasa, kuma ba su cika haɗuwa ba. Cunkoson safe daga ƙarfe shida zuwa tara ne, rana ba ta yi ƙarfi ba. Cunkoson yamma daga la'asar ne har bayan isha'i, ana magariba kuwa faranti ya tashi aiki. Lokacin da rana ta fi bayarwa, tsakanin hantsi da azahar, shi ne lokacin da taragu suka fi zama wayam. Ƙara da hazon hunturu da ƙurar da ke kwanciya a kan faranti, da hadarin Agusta. Saboda haka duk wanda ya ce maka jirginsa sola zalla zai ci, tambaye shi me zai ci bayan magariba. Holan kan ce tun Janairun 2017 jiragenta na lantarki da iska suke tafiya ɗari bisa ɗari. A takarda haka ne: abin da suka sha a shekara, an sayi daidai da shi daga injinan iska. Amma a daren da iska ta kwanta, babban layin ƙasar ne ke riƙe su, da duk abin da ke cikinsa. Mai babban layi tsayayye ne ke iya irin wannan lissafi. Mu a nan, gonar sola ta Kumbotso a Kano, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023, megawat 10 ce, injinan iska na Lambar Rimi a Katsina su ma an tsara su a kan megawat 10. Mafari ne mai kyau, amma 'yan jirage kaɗan ne za su tashi a lokaci ɗaya su shanye megawat 10.

Yanzu bari mu je Jamus, mu ɗan daɗe a can, domin abin da ya faru a can nan gaba kaɗan za a zo a tallata mana shi da hotuna masu sheƙi.

A Satumban 2018, a jihar Lower Saxony da ke arewacin ƙasar, aka fara ɗaukar fasinja da jirgi na farko a duniya mai amfani da iskar haidurojin. Kamfanin Alstom ne ya ƙera shi, sunansa Coradia iLint. Yadda yake aiki abin sha'awa ne. A kan rufinsa akwai tankunan iskar a matse, da wata na'ura da ke haɗa ta da iskar da muke shaƙa. Haɗuwar tasu na haifar da lantarki, abin da ke fita ta bututu kuwa tururin ruwa ne kawai. Ba waya, ba hayaƙi, ba ƙara. Ciko ɗaya na kai shi kilomita 1,000, har ma a Satumban 2022 an yi gwajin da ya ci kilomita 1,175 bai sake sha ba. A Agustan 2022 jihar ta fara sa guda 14 a hanyar Cuxhaven da Bremerhaven da Bremervörde da Buxtehude, aka gina musu gidan mai na musamman a Bremervörde. Duniya ta yi ta tafi.

Shekara ɗaya tak bayan haka, a 2023, hukumar sufurin jihar da ta sayi jiragen ta sanar da cewa sauran hanyoyinta na dizal da jiragen batir za ta maye gurbinsu, domin sun fi arhar gudanarwa. Wanda ya fara ɗanɗanawa ke nan ya ce ba zai ƙara ba. A yankin Taunus kusa da Frankfurt kuwa, inda aka yi odar 27, abin ya fi muni. Tun fara aiki a Disambar 2022 na'urorin suka yi ta lalacewa, aka yi ta soke sawu, ana kwasar fasinja a motocin bas, daga baya aka dawo da jiragen dizal su toshe giɓi. A Jamus fa, inda kamfanin ke da masana'antarsa, inda injiniyansa zai iya isowa cikin 'yan sa'o'i.

Ba sharrin kowa ba ne, lissafi ne. Haidurojin ba haƙo shi ake yi kamar ɗanyen mai ba, ƙera shi ake yi. Mafi yawan wanda ake samarwa a duniya yau daga iskar gas da gawayin kwal ake fitar da shi, wato hayaƙin da ba ka gani a tasha an riga an sake shi a masana'anta. Idan kuwa ana son mai tsafta, sai a ɗauki wutar sola ko ta iska a raba ruwa da ita, a matse iskar da ta fito, a loda a mota, a kai gidan mai, a ɗura wa jirgi, jirgi ya sake mayar da ita wuta. A kowane mataki ana zubarwa. Idan ka fara da awo 100 na lantarki, abin da zai isa ƙafar jirgi bai wuce 30 da 'yan kai ba. Da ka zuba wutar nan a batir, da 70 zuwa 80 sun isa. Ƙasar da wuta ta yi mata yawa tana iya wannan almubazzaranci. Ƙasar da ke raba megawat 5,000 ba ta da hujjar zubar da kashi biyu cikin uku a hanya. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: duk jihar da aka kawo wa tallar jirgin haidurojin don zirga-zirgar kewayen birni, ta yi godiya ta ba da haƙuri. Amfanin haidurojin shi ne dogon zango, shi kuwa jirgin kewayen birni ba ya da dogon zango.

Batir fa? Abin ba sabo ba ne, Jamus ta yi amfani da jiragen batir na dalma tun daga shekarun 1950 har zuwa 1995. Abin da ya canza shi ne batirin litiyom, irin na wayar hannu da na sola, ya yi sauƙin nauyi ya yi sauƙin kuɗi. Japan ta sa irinsa a hanyar Karasuyama mai kilomita 20 tun Maris na 2014. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, maƙwabciyar wadda ta gwada haidurojin, ta sayi guda 55 daga kamfanin Stadler, suka fara aiki a Oktoban 2023. Dabarar da suka yi ita ce ta fi burge ni. Maimakon su ja waya a duk tsawon hanya, sai suka ja 'yan guntaye a wasu tashoshi, irin su Heide da Husum da Tönning. Jirgi ya iso, yana sauke fasinja yana shan caji, ya sauke hannunsa daga waya ya ci gaba da batir, yana iya cin kilomita 80 kafin ya sake bukata. Kano zuwa Wudil ko Kano zuwa Bichi ba su kai haka ba.

Ga mu, batir na da wata fa'ida da Bajamushe bai damu da ita ba: idan wuta ta ɗauke, jirgi zai kai kansa tasha. Yana kuma da aibin da Bajamushe bai sani ba. Zafi na cin ran batir, kuma bazarar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri na haura digiri 40. Dole a sanyaya shi, sanyayawar ma wuta take ci. Ko an lallaɓa shi, jirgi zai canza batir sau biyu ko uku kafin ya tsufa, kuma da dala ake sayensa. Idan ba a rubuta wannan a cikin kwangila tun farko ba, wa zai saya, da nawa, to shekara 10 masu zuwa wata gwamnati za ta tarar da taragu lafiyayyu ba su da rai. Habasha ta buɗe jirgin Adis Ababa a 2015 da jirage 41, ga wutar madatsun ruwa mai arha, amma ba a jima ba da yawansu suka kwanta saboda rashin kayan gyara.

Akwai kuma maganar da ba a son yi a wajen bikin yanke kyalle, maganar ɓarayin waya. Afirka ta Kudu ta fi kowace ƙasa a kudu da Sahara layukan kewayen birni masu lantarki. Akwai shekarun da jiragen Metrorail ke ɗaukar fasinja sama da miliyan 500 a shekara a Johannesburg da Pretoria da Cape Town da Durban. Aka yi sakaci da tsaro, korona ta zo aka dakatar da jirage a 2020, ɓarayi suka bi wayoyin tagulla suka yanke, suka kwashe taransifoma, har ƙofofi da rufin tashoshi. A Cape Town mutane suka gina ɗakuna a kan layin da ya daina aiki. Fasinja ya faɗo ƙasa da miliyan 20 a shekara. Har yau gyara ake yi, layi bayan layi. Mu da ake kwance mana ƙusoshin layin dogo da turakun babban layin wuta ana kaiwa kasuwar gwangwan, sai mu yi wa kanmu faɗa. Waya a sama na bukatar mai gadi. Ta ƙasa kuwa, irin ta Blue Line, wadda ƙarfe ne na uku da aka shimfiɗa a gefen hanya ɗauke da bolt 750, tana bukatar katanga ko gada, domin wanda ya taka ta sai dai wani ba shi ba. Legas ta ɗaga wani ɓangaren layin sama, ta killace sauran. A garin da yara da awaki da masu talla ke tsallaka layin dogo yadda suka ga dama, ba a ma fara wannan zance. Ko Ingila, da aka zo ƙara wa jirgin Liverpool ɗan zango zuwa tashar Headbolt Lane a 2023, batir aka sa masa maimakon a ƙara shimfiɗa irin wannan ƙarfe. Guntun waya a cikin tasha mai katanga da masu gadi ya fi sauƙin tsarewa a kan waya mai kilomita 40 a cikin daji.

Iskar gas ba zan daɗe a kanta ba. Muna da ita, ta fi dizal arha da tsafta, Indiya ta fara haɗa ta da dizal a jiragen kewaye tun 2015, kuma a 2024 an gwada wani kan jirgi da aka juya haka a Abuja. Ga jiragen da muka riga muka saya, gyara ne mai ma'ana. Amma inda ta fi amfani shi ne a ƙasa, a tashar wutar layin, ta karɓi aiki daga hannun rana idan magariba ta yi. Bututun AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka fara a 2020, ranar da ya fara kawo gas zai canza lissafin biranen nan biyu. Senigal ma ta yi wata dabara da ta dace da yanayinmu. Jirgin Dakar zuwa Diamniadio, kilomita 36, da aka buɗe a Disambar 2021, da waya yake tafiya, amma an saye shi da injin dizal a cikinsa don ranar da waya ta gaza. Riga-kafi ya fi magani.

Me ya rage? Da can gwamna na iya cewa wuta da layin dogo ba huruminsa ba ne. Wannan uzuri ya ƙare. Gyaran tsarin mulkin da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar layin dogo da ta samar da wuta da rarraba ta, Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta biyo baya. Yau jiha na iya gina layinta, ta ƙulla da mai gonar sola yadda Delhi ta yi, ta ajiye tashar gas ta dare, ta ja nata layin wuta kai tsaye zuwa tashoshin jirgi ba tare da ta bi ta layin unguwa ba. A hanyar da fasinja ya yi yawa, irin Nyanya da Mararaba zuwa tsakiyar Abuja, inda har yau babu jirgi, waya ce amsa, da wutarta ta kanta. A hanyar da fasinja bai kai haka ba, batir da guntun waya a tasha. Dizal ya zama na ko-ta-kwana. Haidurojin kuwa a bar masu kuɗi su gama gwajinsu.

An daɗe ana maganar jirgin cikin gari a Kano da Kaduna. Kira na ga 'yan majalisun jihohi, da ƙungiyar injiniyoyi, da abokan aikina 'yan jarida: kafin a sa hannu a kan bashi, a fito wa jama'a da takardar wuta kamar yadda ake fito da hoton tarago. Megawat nawa layin ke bukata da ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe bakwai na dare, daga ina za su fito, a kan nawa, na shekara nawa, wa zai tsare wayar, wa zai sayi batir na biyu. Aikin da ba shi da amsar waɗannan a rubuce, kada majalisa ta amince da bashinsa.